Hoto biyu na mayo ɗaya: darasin labarin ƙasa ga malaman firamare

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana, barkanmu da war haka, daga nan Marwa, a arewacin Kamaru. Yau hoto za mu taɓa, yadda za ka shiga aji da hoto ka koyar da labarin ƙasa har yaro ya gane da idonsa. Ba zan tsaya kan yadda ake ɗaukar hoto da waya ba, kowa ya iya wannan. Ƙanena, matso da kyamarar nan kan tebur, yawwa, ɗan sunkuyar da ita kaɗan saboda hasken taga.

To ga hoto na farko. A'a, tsaya, wannan na damina ne, shi zai zo daga baya. Ga na rani. Mayo Kaliyawo ke nan (mayo da Fillanci kogi ke nan), wanda ya ratsa garin nan, na ɗauke shi a watan Fabrairu. Yashi fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan, ga mata biyu sun tona rami suna kwarfar ruwa da ƙwarya, ga yara suna buga ƙwallo a tsakiyar kogin, can baya kuma duwatsu. Ku juya bayan hoton: nan na rubuta wuri da wata da lokaci. A gaba babu ko harafi ɗaya, kuma da gangan ne. Ranar da ka rubuta “Mayo Kaliyawo da rani” a ƙarƙashin hoto, ka gama wa yaro aikin, zai karanta rubutun ya kawar da kai. Ni rufe shi nake a kan tebur ɗin kowane rukuni, in na ce a buɗe, sai in yi shiru minti biyu cur. Tambayata ta farko kullum ɗaya ce: me kuka gani? Ban ce ina ne ba, ban ce me ya sa ba. Abin da ido ya gani kawai.

Kuma ku bar su su faɗa da harshen da ya zo bakinsu. Wani zai ce yashi, wani ya faɗa da Fillanci, wani da Giziga. Ka karɓa, ka rubuta a allo, sa'an nan ka ba su kalmar Faransancin a gefe. In ka ce dole sai da Faransanci tun farko, yara uku ne za su yi magana, sauran su zuba maka ido, alhali wadda ta fi kowa sanin ramin nan ita ce yarinyar da ke bayan aji, wadda take raka innarta ɗiban ruwa kowace safiya. Ita ce ta taɓa gaya wa ajina cewa a watan Nuwamba tonon kamu ɗaya ya isa, amma kafin bazara sai mutum ya shige ramin har ƙugu. Darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa ke nan gaba ɗayansa, sai dai kawai na zana shi a allo.

Yanzu leda. Farar leda mai kauri, irin wadda ake rufe littafi da ita, ka yanka daidai girman hoton, ka manne gefen sama kawai da salatif don ta riƙa ɗagawa kamar murfi. Da maka, wato alƙalamin rubutu a farin allo, yaro zai ja layi biyu ya raba hoton uku: gaba, tsakiya, can baya. Bari in ja ku gani. Gaba, gaɓar kogi da itacen nan. Tsakiya, yashin da mutanen. Baya, duwatsu da sama. In ya ɗaga ledar ya ɗora a kan farar takarda, ga zanensa ya fito, shi zai kwafa a littafi. Ku nemi makar allo wadda ake gogewa, kada ku sayi mai kama jiki, in ba haka ba leda ɗaya aji ɗaya.

To ga wurin da nake so ku ba ni hankalinku, don shi ya daɗe yana ba ni wahala. Ina arewa a cikin hoto? Yara sun saba a taswira arewa tana sama, sai su ɗauka saman hoto ma arewa ne. Saman hoto sararin sama ne kawai. Abin da zai fid da kai inuwa ce, amma da sharaɗi. Sai hoton tsakar rana, sha biyu da 'yan mintuna, kafin a kira azahar. Mu nan Marwa muna tsakanin digiri 10 da 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana tsayawa a tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Daga Satumba har zuwa farkon Afrilu, ranar tsaka tana karkata kudu, inuwa ta faɗi arewa. Daga Mayu zuwa Yuli abin ya juye, inuwar gajera ce kuma kudu take nunawa. Na maimaita, don nan ake ruɗewa: hunturu, inuwa arewa, Yuni, inuwa kudu. Littattafan da aka rubuta don yaran Faransa za su ce maka inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. Gaskiya ne a can, a nan kuwa ba duk shekara ba ne.

Ku duba matar nan mai ƙwarya. Inuwarta ta faɗi hagu... a'a, ni da nake kallon hoton a juye ne, damanku ke nan. Fabrairu ne, tsakar rana ce, saboda haka dama ita ce arewa. In arewa tana damanka, ina ka fuskanta? Yamma. To duwatsun can suna yamma, ta ɓangaren tsaunukan Mandara, kuma daga can ruwan yake gangarowa ya nufi gabas, ya haɗu da Mayo Tsanaga, su tafi can kwarin Logon wajen Maga, inda aka yi madatsa a 1979 don noman shinkafa. Yaro ya samo wannan duka daga inuwar mace ɗaya. Wani abu kuma: kada ku ce musu “gabas inda muke sallah” ku tsaya nan. Alƙiblarmu gabas ce maso arewa, in ba ka gyara wannan ba kibiyarsu za ta karkace.

Sai hoto na biyu, na Agusta. Wuri ɗaya, ruwa ja cike da laka daga gaɓa zuwa gaɓa, babu yashi, babu ƙwallo. Sirrin shi ne ka tsaya daidai inda ka tsaya da rani. Ni da jikin wata darbejiya na jingina, na sa wani gini mai hasumiya a gefen hagu duka sau biyun. In ka matsa taku goma, yara za su yi ta gardama cewa ba wuri ɗaya ba ne, darasi ya tafi a musu. A wannan hoton kada ku nemi arewa da inuwa, ranar tana bisa kai, ga hadari.

Akwai tarko ɗaya da nake jin daɗin ɗanawa. Gawo. Ga shi a hoto na uku, na ɗauko shi a wata gona a hanyar Mindif, kore shar, shanu a ƙarƙashinsa. Ka tambayi aji wane lokaci ne, duk za su ce damina, sai ɗan manomi ɗaya ya ɗaga hannu ya ce a'a Malam, gawo da rani yake ganye, da damina yake zubarwa. Haka ma gonar masakwa, wadda Fulani suke kira muskuwari: dawa ce tsaye kore a kan baƙar ƙasar karal a watan Disamba, ba a yi ruwa ba tun Oktoba, laka ce ta riƙe danshi. Irin waɗannan hotuna su ke koya wa yaro kada ya yanke hukunci da alama ɗaya, ya duba ciyawar ƙasa, ya duba kuka ko tana da ganye, ya duba hazo.

Maganar wanki kuma. Don Allah kada ku kai hoton mayo fotokofi baƙi da fari. Yashi da ruwa duk toka-toka suke fitowa, hoton rani da na damina su zama ɗaya. Gara ka wanke guda takwas masu launi, girman takardar A4, a lulluɓe su da roba, rukuni takwas su raba, su yi maka shekaru. Majigi yana da kyau ga wanda yake da wuta, ni dai na fi son abin da yaro zai riƙe ya sa yatsa a kai. Ga waɗanda suke tambaya kuma, ina da jeri na hoto goma sha biyu da na haɗa, an riga an sa musu roba, da takardar tambayoyi a bayan kowanne. Akwai Rumsiki, akwai gonakin tudu na wajen Mokolo masu katangar dutse hawa-hawa, akwai Binuwai a Garwa, akwai ɗakunan Musgum na Pus. Kuɗin wanki da na roba kawai nake mayarwa, in makaranta za ta ɗauki jeri biyar ina ragewa. Ku rubuto a ƙasan bidiyon nan.

Tun da na ambaci Rumsiki, bari in nuna shi da sauri. Dutsen nan da ya miƙe kamar yatsa, tsininsa yana mita 1,224 bisa teku. Maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne: narkakken dutse ya daskare a ciki ya yi tauri, ruwa da iska suka cinye na kewaye mai laushi, shi ya rage a tsaye. Abin lura ga mai ɗauka, ka sa mutum ko jaki ko ɗaki a gaban hoton. Hotona na farko dutsen kaɗai na ɗauka, wani yaro ya ce suri ne, kuma bai yi laifi ba, babu abin da zai auna da shi.

Hattara da inda kuke ɗaga waya. Gada, madatsa, filin jirgi, barikin soja, ku nisance su sai da izini a rubuce, balle a yankinmu da halin tsaro yake yadda yake. Ni an taɓa tsare ni kusan awa biyu a bakin wata gada, sai da na goge hotunan na nuna katin aikina. Madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai, in kuna son ta ku nemo hotonta na tauraron ɗan'adam a Google Earth, ya ma fi nuna faɗin tafkin. Mutane kuma a yi musu sallama a nemi yardarsu. Matan nan biyu na gaya musu don 'yan makaranta ne, na ɗauke su ta baya.

Tafkin Chadi ma da hoton sama ake koyar da shi, tun da babu mai iya tsayawa ya ɗauke shi duka. Wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Amma ku duba watan da aka ɗauki kowane hoto kafin ku jera su, don tafkin yana cika yana janyewa a cikin shekara ɗaya, gwargwadon abin da Shari da Logon suka kawo bayan sun haɗu a Kusuri da Njamena. Wannan sai 'yan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, kuma sai sun ƙware a mayon ƙofar gidansu tukuna.

Aikin gida da nake bayarwa: kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya a unguwarsu, a ara musu waya su ɗauka yanzu, su rubuta inda suka tsaya da abin da suka jingina da shi, mu ajiye sai ruwa ya sauka. Ƙanena, miƙo mini tsumman can in goge ledar nan kafin makar ta bushe. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora hoton nan na Fabrairu a kan taswirar Marwa, ku zo da rula. Sai an jima.