Sharhi: Ku bar mu da Kudu da Arewa, ku faɗa muna wa ke biya

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Tunda aka fara kaɗa gangar 2027 magana ɗaya ake ta juya muna a rediyo da Facebook da teburin mai shayi, wai mulki ya tsaya Kudu ya cika shekara takwas ko kuwa ya dawo Arewa. Tsofaffin gwamnoni, sanatoci, masu digiri bisa digiri, kowa ya ɗauko alƙalami yana lissafin shekarun da wane ya yi da waɗanda wane ya yi, kamar gadon ubansu ake rabo. To ni dai wallahi wanga zance ya ishe ni. Mutumin Sabon Birni ko Isa ko Rabah a nan jihar Sakkwato da 'yan bindiga suka sa ya bar gonarsa ya gudo cikin gari yana kwana a kango shi da iyalinsa, ku gaya mini mi ya haɗa shi da wanga lissafi naku?

Marigayi Buhari ɗan Daura ne, Allah ya jiƙansa, namu ne ba wanda zai yi musu, kuma yana kan kujera aka afka wa kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 aka kashe sama da mutum 40, watanni biyu bayan nan aka tare mota a yankin Sabon Birni aka ƙone matafiya da ransu. Tinubu ɗan Legas ne, yana kan kujera aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, duk duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, a watan Agusta na 2024 aka kashe shi a daji. In ana kashe basarake haka, ina ga mai garma da jaki? Ɗan Arewa ya yi, ɗan Kudu yana yi, makabartun gabashin Sakkwato ba su ga bambanci ba.

Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ba daga ina ɗan takara ya fito ba ce. Wa ke biya, ita ce tambayar. Wanga yaƙi da aka shekara da shekaru ana yi, wa ke biyan kuɗinsa? Gyaran tattalin arzikin da ake muna alfahari da shi, daga aljihun wa yake fita?

Mu fara da yaƙin. A ƙauyuka da dama na gabashin jihar nan manomi ba ya taɓa gonarsa sai ya biya ɗan bindiga, zai biya kafin shuka ya sake biya kafin girbi, wani wurin ma a tara mutanen gari su yi wa ɓarayin aikin gayya a gonakin da aka ƙwace musu. A ɗora wa gari miliyoyi a ba su wa'adi, mai gari ya bi gida gida yana karɓa, wanda ba ya da shi ya saida akuya, ya saida buhun gero, ya saida gadon matarsa. In an sace mutum dangi ne ke haɗa kuɗin fansa, a saida shanu a saida fili a bi masallatai ana neman taimako, a ƙara da babur da katin waya. Gwamnati ta ce ita ba ta biyan fansa, to madalla, amma ai an biya, talaka ne ya biya.

In gwamnati ta tashi ɗaukar mataki kuma, a kansa dai yake sauka. A 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, an taƙaita saida fetur da zirga-zirgar dabbobi, an ce don a matse ɓarayi. Ɓarayin da ke bakin iyaka suka koma amfani da layin Nijar, mutumin ƙauye kuwa aka bar shi ko kiran neman agaji ba ya iya yi. Jirgin yaƙi in ya yi kuskure ba a Maitama, unguwar manya a Abuja, yake yi ba. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, Disamba 2023, masu taron Mauludi aka jefa wa bam, sama da mutum 80. A nan gida ranar 25 ga Disamba 2024 an kai hari ta sama a Gidan Sama da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame da sunan farautar 'yan bindigar Lakurawa, mutanen gari suka binne nasu aƙalla 10. Sojan da ake turawa dajin shi ma ɗan wa ne? Ɗan talaka ne da ya shiga soja don babu aiki. Ɗan sa-kai da ke tsaye da bindigar gargajiya ɗan talaka ne. Har shi yaron da ke riƙe da AK47 a daji, ba ina wanke shi ba ne, mai kisa mai kisa ne kuma hukunci ya hau kansa, amma ku dube shi da kyau, bai taɓa shiga aji ba, bai san asibiti ba, shanun ubansa ma wasu suka kora. Ɗiyan talakawa ke kashe ɗiyan talakawa, wanda ya shigo da bindigar da wanda ke sayen shanun sata da wanda ke kwasar zinarin Zamfara suna gari cikin sanyin AC. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada wani ya ce mini babu kuɗi. Ba mu manta da badaƙalar dala biliyan 2.1 na sayen makamai ba da aka bankaɗo a 2015, kuɗin da aka ware don yaƙar Boko Haram aka ji labarin sun bi ta gidajen 'yan siyasa gab da zaɓe. Kowane gwamna a ƙasar nan yana da abin da ake kira kuɗin tsaro, kuɗin da ba a bin diddiginsu, ba a kawo rasit, ba mai tambaya. In yaƙi na kawo wa mutum irin wanga kuɗi duk wata, don Allah mi zai sa ya yi gaggawar ganin ƙarshensa? Maganar sulhu ko a ci gaba da wuta, nan kam ina da shakku ta kowane ɓangare, an gwada sulhu a Zamfara da Katsina ya wargaje, an gwada jirage ga inda muke. Amma ba ni da shakku ko kaɗan a kan wanda ke biya.

Saura ƙiris ma a ƙara muna wani yaƙin. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba da wa'adin mako guda ta ce za ta shiga Nijar da ƙarfi, aka rufe iyaka aka yanke musu wuta. Su waye za a harba? Mutanen Konni, waɗanda kasuwarsu ɗaya da Illela, aurensu ɗaya, jana'izarsu ɗaya. Allah ya sa malamai da sarakuna da sanatocin Arewa suka taka birki, Mai alfarma Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami suka yi ta kai-komo. Amma watannin da iyaka ta yi a rufe har zuwa Maris 2024, manyan motoci suka yi layi kaya suka lalace, ɗan dako da mai albasa da mai saida dabbobi suka zauna. Su suka biya kuɗin wani faɗa da ba su san farkonsa ba.

Sai batun mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 a wurin rantsuwa shugaban ƙasa ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga wajen naira 190 ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Aka saki naira, dalar da gwamnati ke saidawa naira 460 da wani abu ta wuce 1,500. Hauhawar farashi ta kai sama da kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyar ƙwadago kafin a tsaya kan naira 70,000, a lokacin da ko buhun shinkafa ɗaya bai saye. Kuma mutum nawa ke ɗaukar albashi a jihar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a rahotonta na 2022 kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta na cikin talauci, ta fi kowace jiha a Najeriya? Ɗan kabu-kabu wa ya ƙara masa albashi? Mai noman rani a fadamar Wurno ko Kware da ke zuba fetur a injin ban ruwa fa?

Na san amsar da za su bayar, na ji ta har na haddace. Wai tallafin ɓarayi ke cinye shi, 'yan fasa-ƙwauri ke kwashe man zuwa ƙetare, yanzu jihohi na samun kaso mai tsoka, kayan abinci ma sun fara sauka. Eh an yi sata a tallafi, ba wanda ya musa. To ɓarawo nawa aka ɗaure? An bar ɓarawon da abin da ya sata, aka juyo aka ci tarar wanda aka yi wa satar. Kason jihohi ya ƙaru, gaskiya ne, sai ku shiga asibitin ƙauye ku gani ko ya iso can. Hatsi ya sauka don an buɗe ƙofar shigo da na waje, taki kuwa yana sama, manomin da ya sha rana ya saida masara bai mai da kuɗinsa ba. Ko a sauƙin ma shi ya biya. A wanga lokaci da ake ce wa mutane su yi haƙuri ne 'yan majalisa suka karɓi manyan motoci na sama da naira miliyan 100 kowace ɗaya, fadar shugaban ƙasa ta sayi sabon jirgi. Haƙurin na mutum ɗaya ne kenan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, masu cewa su ne mafita. Jama'a mu tuna, a kamfen ɗin 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi dukansu uku sun ce za su cire tallafin mai, saɓaninsu a kan yadda za a yi ne kawai. Atiku shi ya shugabanci majalisar saida kadarorin gwamnati lokacin yana mataimakin Obasanjo, El-Rufai ne ya riƙe hukumar da ke saidawar, a 2019 Atiku da bakinsa ya ce zai saida NNPC. Haɗakar 'yan adawa da aka yi a jam'iyyar ADC a 2025, dubi fuskokin, tsofaffin gwamnoni ne da tsofaffin ministoci, da yawansu da su aka kafa APC. Karatu ɗaya suka yi, wanda IMF da Bankin Duniya ke biya muna tun zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, a 1986, karatun da ya rufe masaƙun Kaduna da Kano. Tunda ba su da saɓani a kan abin da ya shafi tukunyar talaka, dole su nemo abin faɗa, shi ne Kudu da Arewa, Musulmi da Kirista, lokacina ne lokacinka ne.

Ya za a yi ma su bambanta? Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka saida shi a 2022, na PDP miliyan 40. Mai albashin 70,000 sai ya yi sama da shekara 100 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin takardar kawai, ba a zo maganar dalolin da ake raba wa deliget a zaɓen fidda gwani ba. Wanda ya zuba irin wanga jari ai ba sadaka ya yi ba, zai fanshe, kuma mun san daga jikin wa. Shi ya sa a 2023 cikin masu rajista sama da miliyan 93 kashi 27 kacal suka fito. Sai a ce mutane ba su waye ba. A'a, sun waye sarai, sun duba ba su ga nasu a takardar ba.

Kuma ba haka siyasar Arewa take tun asali ba, matasa su sani. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 kai tsaye ta ce faɗan tsakanin talakawa ne da masu danne su. PRP ta Malam Aminu Kano da ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali, abu ne da talaka ya ji a aljihunsa a shekarar. Yau ga harajin ya dawo, ɗan bindiga ke karɓa, jam'iyyu kuma ko kunyar ambatonsa ba su ji. Masu cewa in namu ya hau za mu huta su tambayi dattawan Bakolori. A 1980 Talata Mafara na cikin jihar Sakkwato, shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari ɗan jihar ne, manoma suka fito neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma aka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Ɗan gida ne a sama ranar nan.

Har yanzu kuma haka ake wa talaka in ya buɗe baki. Zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024, yaran da aka kama aka tsare wata uku aka kai kotu a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi gaban alƙali don yunwa, aka sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi caa sannan aka sake su.

Don haka duk ɗan takarar da zai zo Sakkwato, mun san tsarin, zai sauka a filin jirgi ya wuce fada ya kai gaisuwa, ya je Hubbaren Shehu Ɗanfodiyo a ɗauke shi hoto, a cika fili da yaran da aka ba dubu biyu biyu, kafin magariba ya tashi. To kafin ya tashi a tare shi da tambaya. Kuɗin tsaro za ka buɗe littafinsu kowa ya gani ko a'a? Masu shigo da makamai da masu sayen shanun sata, sunan wa za ka fara kira? Wanda jirgin gwamnati ya kashe wa iyali nawa ne diyyarsa kuma yaushe? Taki da fetur ɗin ban ruwa nawa manomi zai saya a daminar farko? Harajin da kake shirin ƙarawa, mai jirgin sama na kansa zai biya ko mai tura baro? In ya fara ce muku ai lokacin Arewa ne, ko a bar Kudu ta ƙarasa, ku ce masa ba ita kuka tambaya ba. In kuma ya ce tsaro ya inganta, ga hanyar Isa nan, ya ajiye 'yan rakiya ya bi ta da la'asar a motar haya.