Ranar da ƙafar Alcaraz ta ɗaure a Faris

Sani: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malama Bilkisu, tun jiya kike cewa sai mun koma kan wasan kusa da na ƙarshe na Roland Garros, gasar tanis ta Faris, tsakanin Carlos Alcaraz da Novak Djokovic a 2023.

Bilkisu: Ai wasan nan ya tsaya min a rai, Malam Sani. Alcaraz yana da shekara 20, Djokovic 36, amma jikin yaron ne ya fara gazawa. An shiga turmi na uku kenan, sai ka ga ya tsaya cak yana ɗingishi, sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure. Kafin nan ma hannunsa ya soma riƙewa, yana ta yarfa shi.

Sani: Ni na ɗauka ƙarancin ruwa ne. Gumi ya tafi da gishirin jiki, shi kenan.

Bilkisu: Yana taimakawa, amma shi da bakinsa ya ce fargaba ce. Tun kafin a fara a ɗarare yake. In tsoka ta gaji, saƙon da jijiya ke aika mata kan rikice, sai ta damƙe ta ƙi saki. Mai fargaba kuwa damƙe raket yake da ƙarfi, numfashinsa sama-sama, ƙarfinsa na zurarewa bai sani ba.

Sani: To me ya hana a tsaya likita ya duba shi?

Bilkisu: Doka ba ta ɗauki ɗaurewar tsoka a matsayin rauni ba, sai lokacin canjin gefe ake murza maka ita. Da ya nemi a duba shi nan take, sai da ya sarayar da "game" guda sukutum, wato ɗaya daga cikin ƙananan wasannin da ke haɗa turmi. Turmi biyun da suka rage 6-1, 6-1 aka ci shi.

Sani: Gaskiya dokar nan ta yi tsauri.

Bilkisu: Ina jin tausayinsa, amma ina bayan dokar. Juriya ma cikin wasan take. Tuna wasan ƙarshe na gasar Australian Open ta 2012 a Melbourne: Djokovic da Rafael Nadal sun yi awa 5 da minti 53, har sai da aka kawo musu kujeru ana tsakiyar jawabin ba da kofi.

Sani: Na gani da idona a talabijin. Nadal ya jingina da raga, Djokovic ya dafe gwiwoyi. Kuma daƙiƙa 90 kacal suke samu su zauna in an canja gefe.

Bilkisu: Kurɓin ruwa, gutsuren ayaba, tawul a fuska, sai alƙali ya kira lokaci.