Tsoffin Katunan Zariya da Yadda Nake Gane Shekarunsu

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, na cikin birni da na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da ku 'yan uwana da neman ilimi ko neman abinci ya warwatsa mu a duniya. Barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hasken nan, hunturun Ingila ne, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta yi sallama sai dai fitila.

Wani ɗan'uwa daga Kwarbai ya aiko min da tambaya mai nauyi. Ya ce, "Malam, katin nan da kake ta nuna mana kana cewa ya haura shekara ɗari, wa ya faɗa maka? Ko kana wurin aka buga shi?" Ba na wurin, ranka ya daɗe. Amma katin da kansa yana magana idan ka san inda za ka duba, shi ya sa yau na zube tsoffin katunan wasiƙar nan masu hoto a kan tebur mu duba tare.

Inda nake samo su, wata kasuwa ce ta tsoffin takardu da ake ci lokaci-lokaci a wani babban zaure. Dattawan Turawa ne akasari, kowa da teburinsa, an jera katunan cikin kwalaye ƙasa-ƙasa. Sai ka wuce Faransa da Indiya da Masar kafin ka iso ɗan kwalin da aka rubuta Najeriya, a ciki kuma rabi duk Legas ne da Kalaba. Kano kan fito jefi-jefi. Zariya kuwa, ranar da ka ci karo da ita, ka yi hamdala kawai ka daure fuska, don mai kaya na ganin haƙoranka a waje kuɗi ya tashi.

Shi katin wasiƙa a ƙasar Ostiriya aka fara shi a 1869, Ingila ta bi a 1870, kuma a lokacin babu hoto a jiki. Sai a 1894 gidan wayar Ingila ya yarda 'yan kasuwa su buga nasu, daga nan hotuna suka shigo. Tsakanin 1902 da 1914 abin ya zama ruwan dare, domin da sisin kwabo ka aika kati ko'ina a cikin Ingila, rabin kuɗin wasiƙa mai ambulan. Ku lura da shekarun nan da kyau. Su ne daidai shekarun da Turawa suka ci ƙasarmu. Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, sojojinsa suka zauna a Zariya a 1902, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Wato jami'in da ya zo da bindiga ya zo ne daga ƙasar da kowa ke haukan tara kati, kuma akwai 'yan'uwansa a gida da ke jiran ya aiko musu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kati ɗaya shekara iri uku gare shi. Akwai ranar da aka ɗauki hoton, akwai ranar da aka buga katin, akwai kuma ranar da aka jefa shi a gidan waya. Wani lokaci tsakanin ta farko da ta ƙarshe ya kai shekara goma ko fiye, saboda masu bugawa ba sa yar da hoton da ke kawo ciniki. Duk wanda ya ba ka shekara ɗaya tak, ka tambaye shi wacce daga ciki yake nufi.

Bari in juya wannan ku ga bayansa. Hoton bakin kogi ne a Lakwaja. Kun ga bayan fili ne fetal, babu layin da ya raba shi biyu? A dokar farko, bayan kati na adireshi ne kaɗai. Saƙonka sai dai ka matse shi a gefen hoto, shi ya sa za ku ga sun bar ɗan farin fili a ƙasa, mutumin nan ma ya cika shi da rubutu har ya hau kan kwalekwale. Ingila ce ta fara yarda a raba baya biyu a 1902, hagu saƙo, dama adireshi. Faransa ta bi a 1904, Jamus a 1905, Amurka a 1907. Katin da zai tsallaka daga wata ƙasa zuwa wata kuwa, sai da ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta zauna a birnin Rum a 1906 ta amince, aka fara aiki da shi a 1907. Saboda haka kati mai bayan da ba a raba ba, kusan kullum ya girmi 1907.

Ga na biyu, shi ne abin alfaharina. Ƙofar gari ce ta ƙasa, ganuwa ta miƙe hagu da dama, jakuna biyu da kaya za su shiga, ga rimi can baya ya yi wa komai rumfa. A ƙasa an rubuta Zariya, Najeriya ta Arewa. Bayansa a rabe yake, to mun san ba na farko-farko ba ne. Yanzu ku dubi ɗan ƙaramin rubutun nan da ke tsaye a gefe, bari in matso da kyamara. Da Turanci ne, yana cewa a Jamus aka buga. Kafin yaƙin duniya na farko Jamusawa ne gwanayen wannan aiki, har kamfanonin Landan can suke kai nasu. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914 cinikin ya tsaya cak. Kun ga mun sami katanga biyu ke nan, katin ya faɗo tsakanin wajen 1907 da 1914.

Sai kan sarki. Wannan shi ya fi komai daɗin karantawa a katunan ƙasarmu, domin Arewa tana da nata na kanta daga 1900, da sunanta a jiki, dabam da na Kudu da na Legas. Na farkon suna ɗauke da Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a Janairun 1901. Daga 1902 sai Sarki Edward na bakwai, mai sanƙo da gemu, shi ne wannan da kuke gani. Ya rasu a 1910, amma kan George na biyar bai fito a na Arewa ba sai 1912. Da aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914, sai aka fito da sabo mai suna Najeriya zalla. Sai dai a yi hattara, mutum kan sayi kan sarki ya ajiye a aljihun tebur, kuma gidan waya kan ci gaba da sayar da ragowar tsoho har ya ƙare. Kan sarki yana gaya maka cewa ba a aika katin kafin shekara kaza ba. Ba ya rantse maka a kan shekarar da aka aika.

Mai rantsuwa shi ne hatimin gidan waya, wannan baƙin da'irar da aka doka a kan fuskar sarki. Nawa ya ɗan goge, amma ana iya karanta Zungeru, da 1910. Zungeru ce hedikwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna a 1917. Na kan tsaya in yi tunanin tafiyar da wannan 'yar takarda ta yi, daga Zungeru zuwa bakin teku, sannan jirgin ruwan Elder Dempster ya ɗauko ta zuwa Ingila. Abin da mai aikawa ya rubuta kuwa layi uku ne, zafi ya yi yawa, yana shan kwinin, a gaida mahaifiyarsa.

In kati bai taɓa shiga gidan waya ba fa? Da yawa haka suke, an saya ne don ajiya. To sai ka dubi ɗan akwatin da aka zana don manna kan sarki. A katunan Ingila sau da yawa an rubuta kuɗin aikawa a ciki, sisin kwabo na cikin gida, kwabo ɗaya na ƙetare. A watan Yunin 1918 aka ƙara na cikin gida ya koma kwabo. In ka ga sisin kwabo, kafin nan aka buga.

Yanzu ga gilashin ƙara girma. Kada wanda ya fara wannan harka ba shi da shi. Idan ka ɗora a kan hoto ka ga ɗige-ɗige a jere irin na hoton jarida, bugun inji ne na gama-gari. Idan ka ga wasu 'yan tsage-tsage a murɗe kamar lakar bakin kogin Kubanni ta bushe da rani, wannan bugun ƙwararru ne da ake yi da faranti mai danƙo, irin wanda Jamusawa suka shahara da shi, kuma katin ƙofar nan haka yake. Idan kuwa ba ɗigo ba tsaga, baƙi ya narke cikin fari sumul, to hoto ne na gaske da aka wanke a kan takarda mai bayan kati. Kamfanin Kodak ya fito da kyamara a 1903 wadda hotonta daidai girman kati ne, saboda haka kowane jami'i ko ɗan mishan zai iya yin nasa. Irin waɗannan su nake bi ido rufe, don wani ƙila guda biyar aka wanke a duniya.

Wannan na uku irinsu ne. Tashar jirgin ƙasa ce, ga buhuna an tula, ga leburori. Ku karkata ido ku ga gefensa yana ɗan walƙiya shuɗi-shuɗi, azurfar da ke cikin takardar ce ta taso da tsufa. A akwatin kan sarki an rubuta AZO, sunan takardar ke nan, da 'yan alamu masu kusurwa uku a lungu huɗu. Masu tara kati sun daɗe da lura cewa idan duka huɗun sama suke kallo, takardar ta tsakanin 1904 da 1918 ce. Idan biyu sama biyu ƙasa, kamar wannan, daga 1918 zuwa wajen 1930.

Duk wannan da na lissafa, dattijon da ke sayar da katin ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Shi baya yake karantawa. Amma da an juyo gaba, sai ya zama baƙo. A nan ne ɗan Zariya ke da abin faɗa. Dogo bai iso Zariya ba sai 1911, lokacin aikin layin Baro zuwa Kano, don haka duk hoton da ke da jirgi a garinmu bai girmi wannan shekara ba, kome mai kaya zai rubuta. In ka ga siririn layi da ɗan ƙaramin jirgi, wannan na Bauchi ne da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos saboda kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, babban layi kuwa uku da rabi. An fara buɗe shi a 1912, aka rufe a 1957. In an ce mishan ne a cikin birni, Likita Mila ya zauna a can daga 1905, komawa Wusasa kuwa sai 1929.

Ku dubi wannan. Mai kaya ya rubuta da fensir a baya, Sarkin Zazzau, 1905, ya kuma tsuga kuɗi daidai da sunan. In gaskiya ne, to Aliyu Ɗan Sidi ke nan, wanda ya hau a 1903 Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja. Na ɗauki hoton katin a waya na tura wa kawuna a Zariya, na kira shi.

"Kawu, barka da hutawa. Ka ga abin da na turo?"

"Na gani, ɗana. Wa ya ce maka sarki ne?"

"Bature mai kaya."

Sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ina laima? Ina dogarai? Ina 'yan zagi? Sarkin Zazzau zai fito da yaro ɗaya riƙe da linzami? Wannan in ya yi yawa hakimi ne, ko wani attajiri ya ci ado ranar salla."

Na koma na nuna wa mai kaya cewa kan sarkin ma na George ne mai suna Najeriya zalla, wato ba a aika shi kafin 1914 ba. Mutumin kirki ne, ya goge rubutunsa, ya rage kuɗi. A wurinsu duk mai rawani a kan doki sarki ne, duk ganuwar ƙasa Kano ce.

Abin da ke ci min rai a katunan nan shi ne rashin suna. Za a rubuta sunan mai bugawa, da garin da aka buga, har da lambar kati, amma mutumin da ke tsaye a hoton sai a ce masaƙi, ko mai rini, ko matar Bahaushe. Kakan wani ne fa. Wasu ma kana ganin fuskarsu ka san tsayar da su aka yi, ba da son ransu ba. Duk da haka ina saye, domin ganuwar da ke hoton yau ta zama gidaje da shaguna, rimayen an sare da yawa, kuma mun ga yadda wani sashe na Masallacin Juma'a, ginin Babban Gwani tun shekarun 1830, ya rufta a watan Agustan 2023.

Wanda ya tsinci irin wannan a akwatin kakansa, musamman gidajen tsoffin ma'aikatan reluwe da na En'e, don Allah kada a kai shi a yi masa laminatin kamar takardar makaranta, zafin injin da danƙon suna kashe shi har abada. Kada a manna salatif, kada a ɓanɓare kan sarki, kada a yi rubutu da biro. A sa shi tsakanin farar takarda mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina, a kuma nisanta shi da rana. In za a ɗauki hotonsa a turo, a ɗauki gaba da baya.

Sauran aiki ɗaya da na bar muku. Katin ƙofar nan bai faɗi wace ƙofa ba ce. Kawu ya ce Ƙofar Doka, abokinsa na zaure ya rantse Kuyambana ce saboda yadda ganuwar ta lanƙwasa ta hagu. Zan riƙe shi a gaban kyamara na ɗan lokaci, ku tsayar da bidiyon, ku kai wa tsofaffin unguwa su duba, musamman waɗanda suka yi kiwo ko fatauci ta ƙofofin nan. Ga shi nan. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya kai mu, a gaida mutanen gida.