Sharhi: Abokin da Ya Ce Maka “Lafiya Lau”

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai mazan da za su shekara ashirin suna abota, kusan kullum suna tare. Kowa ya san ƙungiyar ƙwallon da ɗan'uwansa ke goyon baya, ya san abin da ke ba shi dariya, ya san ranar da yake da kuɗi da ranar da aljihunsa ya bushe. Amma ranar da auren ɗaya ya mutu, sai ɗayan ya tsinci labarin a bakin mutane. In ka tambaye shi, rantsuwa zai yi maka cewa ko jiya suna tare har dare, suna ta raha. Kuma gaskiya ya faɗa.

Kafin mu ɗora wa maza laifi, mu yi musu adalci. Masu cewa namiji bai iya nuna ƙauna ga abokinsa ba, ba su lura da kyau ba ne. Da wuya ka ji ya buɗe baki ya ce “ina ƙaunarka”, amma bari motarka ta mace a hanya da ƙarfe biyun dare, ka ga wanda zai fito. Ranar da mahaifinka ya rasu, shi ne zai zo ya zauna kusa da kai, ya yini bai furta kalma goma ba, kai kuwa ka san abin da zaman nan yake nufi. Har sunan tsokanar da ya laƙa maka tun kuna makaranta, wanda in wani ya kira ka da shi sai an raba ku, ƙauna ce a cikin rigar zolaya. Da ma an ce zumunci a ƙafa yake, kuma a nan maza suka fi ƙarfi.

A ƙasar Ostireliya an gane haka tun cikin shekarun 1990, lokacin da aka fara buɗe rumfunan aikin hannu domin maza, musamman waɗanda suka yi ritaya suka rasa wurin zuwa. Ana haɗuwa a yi kafinta, a gyara keke ko kujera, hira kuwa tana zuwa da kanta. Taken da suka riƙe shi ne, maza ba sa magana fuska da fuska, sai kafaɗa da kafaɗa. Tsarin ya karɓu har ya tsallaka zuwa Birtaniya da wasu ƙasashe.

To ina matsalar take? Wannan salo na maza yana aiki ne idan ciwon na fili ne. Mota ta lalace, an ga motar. An yi rasuwa, kowa ya ji. Amma bashin da ya hana mutum barci fa? Shekarun da aka kwashe ba haihuwa fa? Wanda aka sallama daga aiki, amma kullum yake shiryawa ya fita da safe don kada a gane? Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, shi kansa bai san dalili ba? Waɗannan babu inda za a kama a ɗaga, sai an faɗa da baki. Sai aboki ya ce “yaya dai?”, a ce masa “lafiya lau”, shi ke nan an wuce wurin. Mai ciwo ba ya son ya ɗora wa kowa nauyi, mai tambaya ba ya son a ce ya cika bin diddigi. Kawaici biyu sun haɗu, mutum ya koma gida da abinsa a ciki.

Ba haka aka haife mu ba. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar New York, Niobe Way, ta kwashe shekaru tana hira da yara maza, ta tarar a farkon balaga suna faɗin yadda suke ji da abokansu ba tare da jin nauyi ba. Suna ƙara girma sai bakin ya rufe, saboda tsoron a ce musu mata-mata ko a ce ba su girma ba. Mu tambayi kanmu abin da muke ce wa yaro idan ya faɗi ya kurje gwiwa. “Tashi, namiji ba ya kuka.” Ya ji, ya riƙe, har ya yi furfura yana aiki da darasin.

Akwai wani dalilin da ba mu cika son ambata ba, saboda laifin namu ne, mu abokai. Mazaje da yawa sun taɓa gwadawa. Mutum ya yi ƙarfin hali ya fasa abin da ke cikinsa, bayan kwana biyu ya ji ana masa barkwanci da shi a gaban jama'a. Wani kuma tun bai kai aya ba an tare shi da “ka yi haƙuri, kowa da tasa”. Haƙuri abu ne mai kyau, amma idan aka yi gaggawar miƙa shi, mai magana ji yake an ce ya yi shiru. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake buɗe baki.

Shirun nan kuwa yana da tsada. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Dalilan suna da yawa, amma rashin wanda za a gaya wa yana cikinsu. A Amurka, wani bincike na 2021 ya gano kashi 15 cikin 100 na maza sun ce ba su da amini ko ɗaya, alhali a 1990 kashi 3 ne kacal. Jami'ar Harvard kuma ta fara bibiyar rayuwar wasu samari tun 1938, har suka tsufa, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne, waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufansu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar zurfin ciki a matsayin cikar mazantaka. Lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargarar mutuwa, idanun Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun zubar da hawaye a gaban sahabbansa. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, “Har da kai, ya Manzon Allah?” Ya amsa masa cewa wannan rahama ce. Ya kuma koyar cewa idan mutum yana ƙaunar ɗan'uwansa, to ya sanar da shi. Bai ce ya bar shi ya gane da kansa ba.

Babu mai cewa maza su sauya halitta, su riƙa zaman koke-koke. Ƙwallon nan a ci gaba da kallo, zolayar ma kada a fasa. Abu kaɗan ake nema a ƙara. Labarin zuciya a tambayi fuska: in ka ga abokinka ya rame, ya rage fitowa, ko fushinsa ya yi kusa, kada ka tsaya a “lafiya lau” ta farko. Ka ja shi ku taka, ko ku shiga mota, inda ba sai kun kalli juna ba, ka sake tambaya. Sannan ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Abin da ya faɗa maka amana ce, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Idan kuwa ka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, kada ka ɗauke shi wasa, kada kuma ka bar shi shi kaɗai. Ka raka shi wurin likita da ƙafarka, kamar yadda za ka yi in da jini ka ga yana zuba.