Idan rumbun kwamfuta ya cika: laccar da aka yi wa ɗalibai a Damagaram

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku na zo da su yau.

Na farko, abin da ya cika wurin. Kafin ka saye sabon diski, duba abin da ke ciki. Bidiyon biki guda, an turo maka shi a rukuni huɗu na WhatsApp, duk huɗun suna kwance. Kuna dariya, ai kun san gaskiya ce! Google na ba kowa giga 15 kyauta, amma Gmail na saƙo da Drive na fayil da Photos na hotuna duk daga kwano ɗaya suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 sababbin hotuna ke shiga lissafin, daga 2024 ajiyar WhatsApp ta Android, wato kwafin saƙonninka da ake ajewa don kada su ɓata, ita ma ta shiga. In ya cika, ko saƙon Gmail ba zai shigo ba. Abin da ka jefa kwandon shara na Drive kuma yana cin wuri har kwana 30, sai in ka zubar da kanka.

Na biyu, nan nake son ku buɗe kunne. Wuri ya cika, sai mutum ya goge tsohuwar ajiya don ya saka sabuwa. Kada ku yi! Wa ya taɓa ganin manomi ya cinye irinsa tun gero bai nuna ba? Kana tsakar kwafa kuran ya ɗauke, tsohuwa ta tafi, sabuwa rabi. Na ga ɗaliba, saura kwanaki ta miƙa kundin kammala karatunta, fayil ya lalace ba ta sani ba, ta kwafe lalataccen a kan mai kyau. Wallahi har yau abin na damuna. Shi ya sa nake cewa tsohuwar ajiya tana da ranarta. Ka bar guda daga kowace rana ta kwanakin nan bakwai, ka bar guda daga kowane mako na watan nan, guda daga kowane wata. Na tsakani su za ka goge. Kuma kafin ka goge ko ɗaya, buɗe sabuwar. Buɗe ta! Ka ga rubutun da idonka. Ganin sunan fayil ba ya nufin yana buɗewa. Na sake faɗa, buɗe ta.

Af, na manta, da wannan ya kamata in fara: kowane fayil kwafi uku, a na'ura iri biyu, guda a wani wuri dabam. In kana unguwar Zongo, aje diski guda wajen ɗan'uwanka a unguwar Birni. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa tausayin diski, a sa shi cikin akwati, a inuwa.

Na huɗu... ko na uku ne? Na'am, Hajiya?

Tana tambaya, in ta goge hotuna a waya don samun wuri, suna nan a Google Photos? Hajiya, ki yi hankali sosai. In kin goge daga cikin Photos ɗin, na can sama, wato na intanet, ma ya tafi, don madubin juna suke. Akwai maɓallin da ke cire na wayar kaɗai ya bar wanda ya riga ya hau. Kawo wayar in nuna miki. Ku matso, kowa ya gani.