Me Ya Hana A Cire Dalma Kawai A Sa Bismut?

Ku dubi ɗan gilashin nan. Abin da aka shafa masa ko kusa bai kai kaurin gashi ba. Na haska masa tocila, mitar auna lantarki ta motsa. Na kashe, ta koma. Aikin na'urar gane haske ke nan: haske ya bugi sinadari, ya saki elektron, lantarki ya gudana.

Tun 2009, da Tsutomu Miyasaka na Japan ya gwada irin waɗannan sinadarai, wasu ƙiristal da ake kira ferobskait, wajen kama hasken rana, masu bincike suka yi musu caa. Suna aiki, ga araha. Sai dai akwai dalma a ciki, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi ya sa ake ta cewa: to a cire dalmar a sa ƙarfen bismut mana! A teburin sinadarai maƙwabta ne, dalma lamba 82, bismut 83. Gubarsa kaɗan ce, har a maganin ciki irin su Pepto-Bismol ana sa shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Ku ɗan tsaya.

Dalma na ɗauke da caji 2. Bismut 3. Shi kuwa ƙiristal ba ya yafe lissafi, dole ma'auni ya daidaita. Dalma uku, caji 6. Bismut biyu kacal sun cike 6 ɗin. Wato duk kujeru uku na dalma a cikin ƙiristal ɗin, ɗaya za ta zauna ba kowa.

Kun taɓa ganin leburori sun yi layi suna miƙa bulo hannu da hannu? Cire mutum ɗaya cikin kowane uku. Bulo zai tsaya. Haka abin yake a sinadarin da aka haɗa da sisiyom, bismut da aidin: bismut sun haɗu biyu-biyu, kowane rukuni a ware, ba gada tsakaninsu. Haske ya saki elektron, amma ina zai bi? Sai ya maƙale kafin ya kai waya. Ni dai duk bidiyon bayanin bismut da ya tsallake wannan wurin, talla nake ɗaukarsa.

 

A 2016 aka fito da wata dabara: a haɗa bismut da azurfa. Azurfa 1, bismut 3, jimla 4, daidai da dalma biyu, kujeru sun cika. Har yanzu wannan haɗin bai kamo dalma wajen zuƙar hasken rana ba, amma ya fi ta jure danshi da zafi. Kuma da yake bismut na da nauyi, yana tare hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi sosai, kuma masu bincike da dama can suka karkata.