Amsoshin Tambayoyinku: Kwanakin farko bayan ajiye sigari

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu a kan abu guda suke, wato wahalar da mutum ke sha a kwanakin farko bayan ya ajiye taba sigari. Na ware guda huɗu, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko.

Wani direban tirela ne ya aiko ta daga Funtuwa. Ya ce shekara 16 yana shan kwali guda a rana, yau kwana biyu rabonsa da ita. Kansa na sarawa, ransa a dagule, kuma da ya ci abinci ya wanke hannu sai ya ga hannun ya tafi aljihun gaba da kansa yana laluben ashana. Tambayarsa ita ce, haka zai dawwama?

Malam direba, sannu da ƙoƙari, ba haka za ka dawwama ba. Abin da jikinka ke nema sunansa nikotin. In ka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, bayan kamar awa biyu kuma rabinsa ya bar jini, shi ya sa mai sha yake kunna kara bayan kara. Shekara 16 ƙwaƙwalwarka na samun wannan a kan kari, yanzu an yanke mata, dole ta yi bori. Borin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, wato daidai inda kake tsaye yau. Daga ƙarshen makon farko zai fara sauka, kuma ga yawancin mutane cikin mako uku zuwa huɗu ciwon kan da ƙuncin sun lafa.

Ita kuwa ƙawar da ke taso maka, ina so ka yi mini wani abu. In ta zo, dubi agogo. Za ka ga ba wuni take yi ba. Kamar guguwar bazara ce, ta taso da ƙura da ganye, ta juya, cikin minti uku zuwa biyar ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka shi ne cike waɗannan mintuna. Wannan aljihun da hannunka ya saba zuwa, sa asuwaki a ciki, in hannun ya je ya tarar da abin ɗauka. Ajiye gorar ruwa kusa da sitiyari, ka riƙa kurɓa a hankali. Da ka gama cin abinci kada ka zauna a bencin nan na mai abinci inda ka saba kunnawa, tashi ka kurkure baki, ka zagaya mota ka duba tayoyi, ko ka yi alwala. Ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi sannu a hankali, sau biyar ko shida. In kuma kana azumin Ramadan, ai kowace shekara kana yin awa 13 ko fiye ba ka taɓa ta ba, har wata guda cur.

Sai dai ga gargaɗi, saboda sana'arka. A makon farko hankali kan rarrabu, barcin dare kan ragu. In ka ji gyangyaɗi a kan hanya, don Allah faka ka huta. Kaya za su jira.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Maigidanta ya daina kwana biyar da suka wuce, ya maye gurbin sigari da goro da shayi, tun safe butar na kan gawayi. Yanzu ba ya barci, gabansa na faɗuwa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa.

Hajiya, kin kawo abin da mutane da yawa ba su sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi. Da mutum ya daina, hantar ta koma aikinta na asali, sai kafeyin ya daɗe a jini. Kofin da bai dame shi da ba, yanzu ya kusa yin aikin biyu, balle kuma ya ƙara yawan da yake sha. Ina kyautata zaton wani ɓangare na rashin barcin nan daga buta yake. Ki lallaɓa shi ya rage goron da shayin zuwa rabi, kuma daga la'asar ya haƙura da su. In baki na neman abin taunawa, ga gyaɗa, ga aya, ga karas.

Faɗan kuwa zai ragu cikin 'yan makonni. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki gaya masa cewa kin ga ƙoƙarinsa, amma yaran na tsorata, in ya ji abin ya taso ya fita ƙofar gida ya sha iska. In kika ga baƙin ciki ya yi masa katutu, ya daina walwala da cin abinci, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, wannan na asibiti ne, kada a jira. Haka wanda ke shan wasu magungunan taɓin hankali ko na asma, ya sanar da likitansa cewa ya daina sigari, domin ana iya buƙatar gyara masa adadin maganin.

Wani ɗalibi daga Jos ya ce tun da ya daina tarinsa ya ƙaru, har yana ganin gara da. Ɗan'uwa, ƙananan gasun da ke share hanyar numfashi ne suka farfaɗo suna fitar da majinar da ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa. Amma in tarin ya wuce mako biyu tare da zufar dare, ko rama, ko jini a kaki, je ka yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ta ƙarshe daga wani tela ce a Kano. Ya kai kwana tara, sai a majalisa aboki ya miƙa masa kara ɗaya, ya sha. Yana tambaya ko shi ke nan ya koma gidan jiya, kuma ko ya koma shisha ko taba gari don ya samu sauƙi.

Malam tela, kwana taran nan ba su faɗi ƙasa banza ba. Yawancin waɗanda suka daina har abada sai da suka yi tuntuɓe fiye da sau ɗaya. Haɗarin shi ne kara na biyu, don haka kada ka saya, kada ka karɓa. Ka ɗan yi wa majalisar nan hutun mako biyu, in ka koma ka faɗa musu da bakinka cewa ka daina. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara a Najeriya, amma kowa ya san mai tebur na bakin layi yana sayarwa, saboda haka sauya hanyar da kake bi zuwa shago.

Shisha da taba gari kuwa duk nikotin ɗin ne, ga nasu cututtukan, ban ba ka shawarar su ba ko kaɗan. Akwai magungunan da aka tabbatar suna taimakawa: cingam ɗin nikotin, da filastar da ake mannawa a fata, da ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da cytisine, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a ƙa'idojin da ta fitar a 2024. Ƙwayoyin sai da umarnin likita. Shi cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara. Ka tauna kaɗan har ka ji ɗan yaji, ka ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, haka har kusan rabin awa. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara ganin likita tukuna.

Lokaci ya cimma mana. Malam direba, muna jiran wasiƙarka in ka cika mako guda. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.